Ba Dukan Farisiyawa Ne Suka Ƙi Yesu Ba

An daɗe ana ɗauka cewa Farisiyawa, wata ƙungiyar addinin Yahudawa, kaf maƙiyan Yesu ne, har sunansu ya zama lakabin munafunci. Gaskiya ne ya tsawata musu da kakkausar murya a Linjilar Matiyu sura 23, inda ya ce suna fitar da zakkar na'a-na'a alhali sun yi watsi da adalci da jinƙai, kuma tsawar ta harzuƙa da yawansu. Sai dai Luka ya ruwaito cewa wasu Farisiyawa ne suka gargaɗe shi cewa Hirudus, mai mulkin Galili, na neman ransa, kuma Nikodimu, wanda ya kawo kayan ƙamshin jana'izarsa, Bafarisiye ne. Waɗanda suka jagoranci miƙa shi ga Bilatus, gwamnan Romawa, kuwa manyan firistoci ne, bayan Yesu ya kifar da teburan 'yan canji a Haikali.