Murya ta dishe, mi zan sha? Amsa ga mawaƙa da sha'irai

Da zarar hunturu ya kama a Sakkwato, ko watan Mauludi ya tsaya, ko bukukuwan bayan sallah sunka taso, tambaya guda ce ke biyo ni daga yaran da ke shigowa situdiyo da masu bege da ladanai har da malaman Islamiyya. Na gaji da maimaitawa baki da baki, shi ya sa na rubuta, wanda ya sake tambaya karatu zan ce ya yi. Ni mai ɗaukar sauti ne ba likita ba, amma muryoyin da sunka lalace a gabana ba kaɗan ba ne, kuma galibi ba cuta ta ci su ba, masu su ne sunka ƙi yin shiru.

Mi zan sha murya ta buɗe yau ɗin nan?

Babu shi. Ka kama bakinka, ka sha ruwa, ka samu barci.

Haba Oga, zuma da citta da lemun tsami fa? Ai kowa shi yake sha.

Sha, ban hana ka ba, ni ma ina haɗa wa yara. Amma ka san iyakar aikinsa. Hanya biyu ce a wuyanka, ta abinci tana baya, ta iska tana gaba, kuma murya a hanyar iska take, daidai bayan zakaran wuya, wasu 'yan tantani ne guda biyu da ba su wuce tsawon gaɓar ɗan yatsa ba. Duk abin da ka haɗiye akwai marfin da ke rufe hanyar iska sai ya wuce ta baya, ranar da ɗigon ruwa ya kuskure ya taɓa wurin shi ne ka ƙware ka yi ta tari har da hawaye. To zumar ba ta zuwa can. Abin da take yi ta sanyaya maƙogwaro ta rage ƙaiƙayi da tari, kuma wannan ma taimako ne don tari dukan tantanin yake. Cokali ɗaya a kofin ruwan ɗumi, citta kaɗan, lemun tsami 'yan ɗigo ba ka matse biyar ba. Mai ciwon suga ya yi hankali, jaririn da bai shekara ba kuma ba a ba shi zuma sam.

Waɗannan tantanin suna haɗuwa suna rabuwa sama da sau 100 a daƙiƙa guda in namiji na magana, mace kusan 200, in anka ɗaga murya ya fi haka nesa. Ka yi ta tafi tun bayan isha har asuba ka duba tafin hannunka, irin kumburin da suke yi ke nan. Kumburi kuwa hutu yake so.

To in yi magana da raɗa?

A'a. Raɗar da ake matsawa ta fi magana wahalar da su. In dole ne ka yi a hankali da muryarka ta kullum, gajeruwa, ko ka rubuta a waya. Kuma ka bar wannan gyaran muryar da kake yi duk minti, in ka ji majina ka kurɓi ruwa ka haɗiye.

Tom Tom da namijin goro?

Tsotsar alawa tana kawo yawu, wannan ya yi. Mai sanyin nan kuma takan sa ka ji kamar wuya ya buɗe alhali kumburin na nan, sai ka je ka ƙara masa. Ɗaya ko biyu, ba leda guda ba. Namijin goro ka ci in kana so, ba ya dawo da murya.

Ɗanyen ƙwai da man shanu?

Ba sa isa wurin, na faɗa a sama. Ɗanyen ƙwai kuma yana iya ja maka zawo da zazzaɓi. Bar shi.

Kanwa fa? Tsohuwarmu ta ce in jiƙa jar kanwa in kuskure.

Ka gaida min Inna, amma ka yi da gishiri. Rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan ɗumi, ka ɗaga kai ka kuskure can ciki ka tofar, sau uku ko huɗu a yini. Kanwa in ta yi ƙarfi tana cin fatar baki da ta maƙogwaro, kuma ba wanda ke auna ta.

Sirace yana aiki kuwa?

Shi kaɗai ne a cikin duk abubuwan nan yake isa ga tantanin kai tsaye, don shaƙarsa ake yi. Ruwan zafi zalla a roba, ka bari ya ɗan huce, ka lulluɓa da tawul ka shaƙa kamar minti 10, safe da dare. Kar ka zuba Robb ko wani man zafi ciki, kuma don Allah ka kau da yara daga wurin, ƙunar ruwan zafi ba wasa ba ce. A garin nan da iskar hunturu ke fasa leɓe da diddige tun daga Nuwamba har Fabrairu, ga bazara zafi na wuce digiri 40, wanda ke cin abinci da murya bai da hujjar yawo ba gorar ruwa. Ruwan da ka sha sai ya bi jini kafin ya jiƙa wurin, awanni yake ɗauka, don haka kwankwaɗar ruwa a bakin fili ana kiran sunanka ya makara. Tun safe ake farawa. Ka duba fitsarinka, in ya yi ja sosai ba ka sha ba. In za ka hau mashin cikin ƙura ka sa takunkumi ko ka ja rawani ka rufe hanci da baki.

Jibi ina da biki, an riga an ba ni kuɗi, an buga sunana a kati, murya kuma rabi. In yi ko in fasa?

Wagga ita ce tambayar da ba na amsawa da gaggawa, don na san abin da ke ciki, kuɗin wataƙila an riga an ci, ga kunyar mai biki, ga tsoron in ka fasa a ba wani kuma ba za a sake neman ka ba. Ba zan ce maka wannan ba komai ba ne. Amma amsar ta danganta da yadda muryar ta tafi.

In kana tsakiyar waƙa ne ka ɗaga sai ka ji ta yanke lokaci guda, kamar wani abu ya tsinke, daga nan ba ta dawo ba, to ko nawa anka biya ka fasa. Irin wannan yana iya zama jijiyar jini ce ta fashe a tantanin, kuma waƙa a kansa ita ke barin tabon da ba ya gyaruwa. Shiru ɗungurungum, sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Mawaƙiyar nan ta Ingila, Adele, irin wannan zubar jinin ce ta sa ta soke wasanninta a 2011 har anka yi mata aiki a Boston ta Amurka, ita da ke da kuɗi da manyan likitoci ma tsayawa ta yi.

In kuma da mura ta zo, ga zazzaɓi, magana ma zafi take maka, ni shawarata ka fasa, ko da yake na san wasu kan yi su tsira. Wasu ne fa, ba kowa ba, kuma ba ka da hanyar sanin a wane layi kake sai bayan an gama.

Inda ake iya lallaɓawa shi ne in gajiya ce kawai, ka kwana biyu kana aiki, kuma ka lura in ka yi barci tana ɗan dawowa. Nan ma sai ka gwada. Da safen ranar, bayan ka sha ruwa ka yi sirace, ka rera wani ɗan baiti da siririyar murya can sama, a hankali ƙwarai kamar mai lallashin jariri. In ta fita tsaf, kumburin ya sauka. In iska ce ke fara fita kafin sauti, ko tana yankewa, ko sai ka matsa, to bai sauka ba, kuma ƙarfin da za ka ji kana da shi in ka kware baki yaudara ce. In gwajin ya yi kyau, ga sharuɗɗa: daga yau har jibi ba hira, ba waya, ba zaman majalisa. Ka sa a sauke maka kiɗan ƙasa kaɗan, ka rage yawan waƙoƙin, masu ɗaga murya ka bar su. Ka jingina da 'yan amshi. Kirari da kiran sunayen manyan baƙi ka ba wani yaro. Ka roƙi mai sauti ya juyo maka sifika ɗaya ka riƙa jin kanka, don yawancin ihun da kuke yi a fili rashin jin kai ne ke kawo shi. In wurin ana mamin, wato a saki waƙarka da anka ɗauka kai kana motsa baki, to ka yi mamin, ba abin kunya ba ne ga mara lafiya. Kana saukowa kuma ka tafi gida, hirar bayan fili kusa da janareto da sifikun DJ takan fi waƙar kanta ɓarna.

Duk da haka ban ba ka tabbaci ba. Kana iya bin komai ka wayi gari ba murya na sati guda, sai ka duba mi ke gabanka a satin. Kuma in fasawa ce ka faɗa wa mai biki yau, ba ranar ba, ka kawo masa wanda zai tsaya maka ko ka mayar da abin da ya samu. Mutane sun fi yafe wa wanda ya faɗa da wuri.

Wani ya ce in sha dexa ko a yi min allurarta, wai nan take take buɗewa.

Wanda ya faɗa maka bai ƙaunarka. Dexa, wato maganin nan dexamethasone, tana sauke kumburi, gaskiya ne, shi ya sa take da haɗari, sai ka ji garau ka je ka yi ta duka a kan ciwo. Tana tada suga, tana tada hawan jini, tana taɓa mai olsa. Likita kan bayar da irinta wani lokaci bayan ya leƙa wuyan da idonsa, ba yaron kemis ba. Asfirin da ibuprofen su ma kar ka sha ka hau fili, suna sauƙaƙa zubar jini, in zafi ya dame ka farasitamol. Firiton yana busar da wuya. Maganin tari mai kodin kuwa tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi, wanda ke sha da sunan gyaran murya ya san ba murya yake gyarawa ba.

Kafso fa, irin su amoxil?

Galibin dishewar da ke zuwa da mura bairos ne, kafso ba ya taɓa shi. Cikin sati ɗaya zuwa biyu take warwarewa da kanta.

Ruwan sanyi ne ya kashe min murya ko?

Ba shi ba ne, ihun jiya ne. In ka lura ƙanƙara na sa ka tari ka sha na randa. Shisha da sigari da hayaƙin maganin sauro a rufaffen ɗaki, su za ka tuhuma, ke kuma Hajiya ki rage zama kan turaren wuta ranar da za ki yi aiki.

Ban yi waƙa ba amma kullum da safe murya a shaƙe, da ɗaci a baki.

Wannan yakan zama ruwan ciki ne ke tasowa da dare ya ƙona wurin. Ka ci tuwo ko balangu da yaji ƙarfe 11 ka bi da shayi mai kauri ka kwanta, mi kake jira? Ka bar awa 2 zuwa 3 tsakanin abinci da kwanciya, ka ɗaga wajen kan gadon, ka rage yaji da maiƙo da goro da dare. Da azumi ma masu komawa barci da gama sahur suna yawan kawo wannan kukan. Kwantar da hankalinka, yana gyaruwa, in bai bari ba ka ga likita.

An ce belu ne ya sauko, in je wanzami ya cire.

Kar ka je. Belu yana can sama ana ganinsa a madubi, murya tana ƙasa, ba ruwansa da ita. Abin da ke biyo bayan yankan shi ne zubar jini da ƙwayoyin cuta daga aska har da tetanus, muryar kuma tana nan yadda take.

Mutanen da fa, da suke kwana suna waƙa?

Ka saurari faifan makaɗan fada irin su Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo da kyau. Uban kiɗi ya jefa ɗan baiti, 'yan amshi su karɓe su ja, shi yana numfasawa. Kai kuma kai ne jagora kai ne amshi kai ne sanƙira, awa huɗu a tsaye.

Anya ba hannu anka sa min ba? Akwai masu baƙin ciki.

Ka yi azkar ɗinka, ka yi addu'a, wannan dole ne ga kowa. Amma ƙanena kar ka kwashe wata uku kana zargin abokin sana'a alhali ba wanda ya taɓa leƙa wuyanka.

To yaushe ne zan tafi asibiti?

In dishewa ta kai sati 3 ba ta tafi ba, ko da ba zafi, musamman mai shan taba ko wanda ya manyanta. Kar ka ma jira haka in numfashi na maka wuya ko yana ƙara, ko yawu ya ƙi haɗiyuwa, ko ka ga jini a kaki, ko ƙullutu a wuya, ko kana ramewa. Zazzaɓi da kumburin wuya da wani farin abu shimfiɗe can cikin maƙogwaro, musamman ga yaro, ana tsoron mashaƙo, ranar za a tafi. Tari ya wuce sati 2 a gwada tibi, kyauta ake maganinsa a asibitocin gwamnati. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan cikin gari, ka je ka faɗa musu kai tsaye da murya kake cin abinci, ka roƙa a duba tantanin kansu.

Ta dawo, gobe zan iya shiga situdiyo?

Ka ƙara kwana biyu. Ranar farko gunji kawai da baki rufe, minti 5 zuwa 10, washegari baiti kaɗan a ƙasa ƙasa, in ba ta shaƙe da safe ba sai ka zo mu ɗauki waƙa ɗaya, ɗaya na ce, kuma ka taho da ruwanka.