Ba gwamnatin Birtaniya ce ta ɗauki nauyin yaran nan ba

An daɗe ana cewa gwamnatin Birtaniya ce ta kwaso yara kusan 10,000, mafi yawansu Yahudawa, daga hannun 'yan Nazi masu mulkin Jamus tsakanin Disamba 1938 da Satumba 1939, ta ci da su ta sha da su. Ba haka abin yake ba. Izinin shiga ta bayar, shi ma na wucin gadi, kuma aka gindaya sharaɗin jinginar fam 50 a kan kowane yaro. Ƙungiyoyin agaji da iyalai ne suka nemo kuɗin da masauki. Iyaye kuwa ba sa cikin shirin, kuma wannan ne ya fi ci min rai, domin da yawa daga yaran ba su sake ganin uwa ko uba ba.

Dubi Alf Dubs. Yana ɗan shekara shida aka sa shi jirgin ƙasa a Prague, babban birnin ƙasar Czechoslovakia ta wancan lokaci, cikin yara 669 da wani ɗan Birtaniya mai suna Nicholas Winton da abokan aikinsa suka fitar. Shi ya taki sa'a, mahaifinsa ya riga shi isa Landan, yana tasha yana jiransa. Yaron ya girma ya zama ɗan majalisar dokokin Birtaniya a 1979, ya shiga majalisar dattawan ƙasar a 1994. A 2016, ya haura tamanin, ya tsaya kai da fata sai an karɓi yara 'yan gudun hijira 3,000 da ke gararamba a Turai ba iyaye. A ƙarshe 480 kawai gwamnati ta karɓa.