Izinin ɗaukar bindiga a Amurka: yana bin ka zuwa wata jiha?

Ba kamar lasisin tuƙi yake ba, wanda ke aiki a ko'ina?

A'a, kuma wannan zaton ne ya fi jefa mutane cikin wahala. Izinin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye a jiki jiha ce ke bayarwa, ba gwamnatin tarayya ba, kuma kowace jiha ita ke zaɓar takardar wa za ta yarda da ita. Wasu na karɓar ta kowa, wasu sai jihar da suka ƙulla yarjejeniya da ita. New York da New Jersey da California da Maryland kuwa ba sa karɓar ta kowa. Colorado da Michigan suna da nasu sharaɗin: sai in kai mazaunin jihar da ta ba ka takardar ne. Saboda haka izinin Utah ko Florida da mutane ke nema daga nesa ba ya amfani a can.

A Disamban 2017 majalisar wakilai ta amince da ƙudirin da zai tilasta wa jihohi karɓar izinin juna, amma bai tsallake majalisar dattawa ba.

To hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 fa?

Ya hana New York ta ce sai ka kawo dalili na musamman kafin ta ba ka izini. Bai ce ta karɓi izinin Texas ba.

Ana kama mai takarda kuwa da gaske?

Ana kamawa. A 2013 wata mata daga Philadelphia, mai 'ya'ya biyu, mai izinin Pennsylvania, ta shiga New Jersey da mota. Ɗan sanda ya tsayar da ita, da bakinta ta gaya masa akwai bindiga a jakarta, a zatonta abin da ya kamata ke nan. Aka tuhume ta da laifin da hukuncinsa ba ya kasa shekara uku a kurkuku. Sai a 2015 gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Labarin yana taɓa ni, domin kogin Delaware kaɗai ya raba inda take mai bin doka da inda ta zama mai laifi.

In wucewa kawai zan yi?

Akwai dokar tarayya ta 1986 da ke kare matafiyi, muddin bindigar halal ce gare shi a inda ya taso da inda za shi. Amma dole a zare harsasan, a ajiye bindigar a but inda hannu ba ya kaiwa. In motar ba ta da but, sai a kulle ta a akwati, ban da ɗan aljihun gaban mota. Kariyar ta mai wucewa ce. Wanda ya sauka ya yi kwanaki ya fita daga inuwarta. An sha kama fasinjoji a filayen jiragen sama na New York da Newark a daidai lokacin da suke bayyana bindigarsu ga ma'aikatan jirgi, kamar yadda ƙa'ida ta ce a yi.

In jihar ta yarda da takardata, shi ke nan?

Dokarta za ka bi, ba ta gidanku ba. A Michigan wajibi ne ka sanar da ɗan sanda nan take in ya tsayar da kai. New York da New Jersey sun hana gidan harsashi mai ɗaukar fiye da 10. Gidan waya da gine-ginen tarayya haramun ne ko'ina. Sai kuma dokar 1990 da ta hana bindiga cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta: wanda ta keɓe shi ne mai izinin jihar da makarantar take, don haka takardar baƙo ba ta isa ba.

'Yan uwanmu da ke zaune a can fa?

Mai bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, sai da 'yan keɓance-keɓance irin su lasisin farauta. Mai katin zama na dindindin yana iya mallaka, amma in kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, wannan kaɗai ya isa a fara shari'ar mayar da shi ƙasarsa, ko da ya shekara ashirin a Amurka.