"Kilasik": Kalmar da Dillalan Mota Suka Kama

Dillalan mota na Facebook da TikTok sun samu sabuwar kalma, sun kuma kama ta ba sassauci. Duk motar da ta tsufa har aka rasa abin yabonta, sai a wanke ta, a goge tayoyi su yi ƙyalli, a ɗora bidiyo: "Alhaji, wannan kilasik ce, ajiye ta shekara biyar ka ga kuɗin da za ta yi." Har Golf 3 da ta gaji da jigila yanzu kilasik ce.

Kalmar daga Turanci take, "classic", wato tsohuwar mota mai daraja da masu tara motoci ke nema, kuma a inda ta fito tana da ƙa'ida. A Jamus sai mota ta cika shekara 30 kafin a ba ta lambar motocin tarihi mai harafin H, kuma da sharaɗin tana nan yadda kamfani ya ƙera ta. A Ingila sai ta kai 40 ake ɗauke mata harajin hanya. Ita kuwa "kilasik ta gobe" hasashe ne kawai: motar da yau take da araha, ake kyautata zaton masu tara motoci za su yi rububinta nan gaba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda aka mayar da tsufa shi kaɗai ya zama hujja. Ɗauki Marsandin nan da muke kira V-Boot, wadda kamfani ya sa wa W124. Mota ce ta kirki, ba mai musu, an ƙera ta daga 1984 zuwa tsakiyar shekarun 1990. Amma fa an buga sama da miliyan 2.5. A cikinsu akwai wata guda, 500E, da in ka hango ta daga nesa za ka rantse irin ta maƙwabcinka ce. Sai ka matso ka ga ƙugunta ya fi faɗi a saman tayoyi, ta ɗan fi kwantawa ƙasa, ka buɗe bonet ka tarar da inji mai silinda takwas, lita biyar. Kamfanin Porsche ne ya riƙa harhaɗa ta a Stuttgart, ana kai gangar jikin ana dawowa tsakanin masana'antu biyu, kuma duka-duka ba ta wuce dubu goma da 'yan kai ba. Wannan ce masu kuɗi ke bi da farashi mai tsoka. Ita 230E da ke fake a bakin titi 'yar uwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma gadon ba da ita aka raba ba. Dillali ya ga an sayar da 500E a gwanjon Turai, sai ya zo yana nuna maka hoton a waya, yana buga bodin tasa.

To ko da a ce irin wadda ake nema ce, me muka bar mata? Mai tara motoci fentin kamfani yake so, da injin da aka haife ta da shi, da kujerun asali, da takardun da ke nuna duk sabis ɗin da aka yi mata. Mu kuwa da zarar inji ya fara shan baƙin mai, bakanike zai ce a sauke a ɗora na Beljiyam, in ma da hali na wata motar daban. An yi feshi sau uku, an cika ƙofa da foti, an yanke wayoyi an sa rediyo mai allo. Don zirga-zirga wannan dabara ce, ni ma ban raina ta ba. Amma kowane gyara irin wannan yana zare wani abu daga abin da ake biya domin sa.

Sai kuma babbar hujjarsu: "Ai ka ga yadda motoci suka tashi." A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi mota miliyan 2 a lokacin, ya sayar miliyan 5 daga baya, yana murna ya ci riba. In ya lissafa da dala, ya saya a kan sama da 4,300, ya sayar a kan 3,300 da ɗoriya. Naira ce ta faɗi, motar kuma ta bi ta a hankali. Ba a ma sa kuɗin batir, taya da sabunta takardu ba.

Masu hasashen da suka san aikinsu sukan duba ƙarancin mota, da giyar hannu tunda tana ɓacewa, da kuma wata aba da na fi yarda da ita: motar da yaro ya yi mafarkinta yana ɗan 15 ita zai nema in ya kai 45 da kuɗi a aljihu. Haka Toyota Supra ta 1993 da Nissan Skyline R34 suka yi tashin gwauron zabo, musamman da dokar Amurka da ta yarda a shigo da motar waje in ta cika shekara 25 ta fara buɗe wa Skyline ɗin ƙofar shiga. Ko masu hasashen ma suna yin kuskure, don motocin da aka yi wa wannan fata suka ƙare a hannun 'yan gwangwan ba su ƙirguwa.

Da wannan ma'aunin, in akwai motar da zan sa wa ido a nan, Fijo 504 ce da aka harhaɗa a Kaduna tun daga 1975. An yi ta da yawa, amma tasha ta cinye kusan dukkansu. Wadda wani tsohon ma'aikaci ya lulluɓe a gareji, da fentinta da takardunta, ita ce zan tsaya in taya. Sai dai mai irinta ba kasafai yake kai ta wurin dillali ba, 'ya'yansa ne ke yi bayan an raba gado.