Gonarka ce, amma ina ruwan zai nufa in dam ya fashe?

A gefen Zariya, ta wajajen Shika, Basawa da hanyar Giwa, mai hali zai sayi gona mai rafi a ciki, ya ɗauko hayar katafila ta tara ƙasa ta tare rafin. Bayan damina ɗaya sai ga tafki: a zuba kifi, a kafa rumfa, iyali su riƙa zuwa shan iska ranar hutu. In ka tambaye shi takarda, sai ya nuna maka shaidar mallakar fili. To wannan takarda ta ƙasa ce, ruwa kuwa dokarsa daban.

Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta danƙa wa gwamnatin tarayya ikon duk wata hanyar ruwa da ta shafi jiha fiye da ɗaya. Rafukan Zariya da dama, irin su Kubanni, Galma suke faɗawa, Galma ta faɗa kogin Kaduna, shi kuma ya ratsa jihar Neja. Saboda haka kada ƙanƙantar rafin gonarka ta sa ka ɗauka babu ruwan dokar da shi. Dokar ta yi sassauci a wuri guda: mai haƙƙin mallakar filin da ke bakin rafi yana iya ɗibar ruwa kyauta don amfanin gida, shayar da dabbobi da ban-ruwan gonarsa. Amma ɗiba daban, tarewa daban. Karkatar da ruwa, tara shi don kasuwanci, ko gina wani abu da zai riƙe shi, aiki ne da ke buƙatar lasisi, kuma hukumar NIWRMC ta tarayya ce ke bayar da lasisin amfani da ruwa. Ranar da ka fara karɓar kuɗin shiga ko sayar da kifi, zancen amfanin gida ya ƙare.

Akwai inda mutane ke ruɗewa. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta lissafa ayyukan da dole a yi musu cikakken bincike, cikinsu har da dam ko tafkin da faɗinsa ya kai hekta 200. Tafkin gona ba ya kusantar haka, sai mai shi ya ce ai ya kuɓuta. Daga wannan jerin kawai ya fita. Hukumar NESREA ta tarayya mai kula da dokokin muhalli tana da ƙa'idojin dam da matattarar ruwa na 2014, a jiha kuma akwai KEPA mai kula da muhalli da KASUPDA mai ba da izinin gini. Ka je musu da zane kafin katafila ta shiga gona, domin gyara a takarda ya fi sauƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne alhaki. A 1868 kotun ƙoli ta Ingila ta yanke shari'ar Rylands da Fletcher: wani mai masana'anta ya sa an gina masa matattarar ruwa, ruwan ya bi tsofaffin ramuka ya cika mahaƙar kwal ta maƙwabcinsa. Aka ce sai ya biya, duk da ba shi ya yi sakacin ba. Kotunan Nijeriya suna aiki da wannan ƙa'ida har yau: wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa, in ya kuɓuce ya yi ɓarna, diyya tana kansa. Mu da muka tashi muna jin hadisin "babu cuta, babu cutarwa", wannan ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu. Mai fadamar albasa a ƙasanka ba sai ya kawo shaidar ka yi ganganci ba. Ya isa ya nuna ruwanka ne ya share masa gona.

Kuma ruwan ba kaɗan ba ne. Tafki mai faɗin hekta ɗaya da zurfin mita 2 yana riƙe da lita miliyan 20, nauyin tan 20,000, bayan bangon da ƙasa ce zalla. Dam ɗin Bagauda a Kano na ƙasa ne, gwamnati ta gina shi, ya fashe a watan Agustan 1988. Na Alau ya ɓalle a Satumbar 2024 ya mamaye Maiduguri. Ƙaramin dam ba zai ci gari ba, amma zai iya cin gida biyu da kwalbatin da ƙauye ke bi zuwa kasuwa.

Dam ɗin ƙasa ta hanya biyu ya fi mutuwa. Ko ruwa ya haura samansa lokacin marka saboda mafitar rarar ruwa ta yi ƙanƙanta ko ta toshe, ya zaizaye bangon cikin 'yan awoyi. Ko kuma ya riƙa tsatsafowa ta ciki yana jan ƙasa har ya buɗe rami. Shi ya sa ake son injiniya mai rijista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya, ya auna faɗin yankin da ke zubo ruwa cikin rafin, ya zaɓi laka mai riƙe ruwa, a riƙa daddaɓe ta shimfiɗa bayan shimfiɗa. Direban katafila gwani ne a aikinsa, amma wannan lissafin ba nasa ba ne. Zariya kuwa ba ta rasa masana ba, ga sashen injiniyan albarkatun ruwa a Jami'ar Ahmadu Bello nan Samaru.

Bayan gini, sauran aikin na ƙafa ne da ido. Kada a bar bishiya ta fito a kan bangon, saiwarta hanya ce ga ruwa. Haka ramin gafiya da gidan gara. Ka zaga bayan bangon duk bayan ruwa mai ƙarfi. Danshi kaɗan mai ruwa garau abin sa ido ne, amma in ka ga ruwan da ke fitowa ya yi ja ko yana ƙaruwa, cikin bangon ne ke zubewa: a rage ruwan tafkin, a kira injiniya, a sanar da mai unguwa da gidajen da ke ƙasa a daren nan, kada a jira gari ya waye. Tun da wurin shaƙatawa ne kuma, yaran ƙauye za su zo wanka ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba, don haka shinge, mai gadi da alamar inda zurfi ya fara suna cikin kuɗin ginin tun farko.