Hukuncin Marshall: Kamun Kifin Rufin Asiri a Dokar Kanada

A watan Agustan 1993 Donald Marshall ƙarami, ɗan ƙabilar Mi'kmaq ta 'yan asalin ƙasar, daga Membertou, ya kafa raga mai siffar gura a Pomquet Harbour da ke lardin Nova Scotia a gabashin Kanada. Ya kama laba 463, kusan kilo 210, na wani dogon kifi mai kama da maciji da Turawa ke kira il. Ya sayar a kan dalar Kanada 787.10, wato dala 1.70 kowace laba. Hukumar kamun kifi ta tarayya ta tuhume shi da laifi uku: kamun kifi ba lasisi, sayarwa ba lasisi, da kafa haramtacciyar raga a lokacin da aka rufe ruwa. Bai musa ko ɗaya ba. Hujjarsa ita ce yarjejeniyar da kakanninsa suka ƙulla da Birtaniya a 1760 da 1761 ta ba shi damar yin hakan. Wannan Marshall ɗin ne dai ya shafe shekara 11 a kurkuku kan kisan da bai yi ba, don haka kotu ba baƙuwarsa ba ce.

Sai an koma kasuwar 1760 kafin a gane shari'ar. Mi'kmaq mutanen ruwa ne da daji. Da bazara suna bakin teku suna su, da hunturu su shiga cikin ƙasa farautar manyan namun daji, il kuma suna sukarsa da mashi ko da ƙanƙara ta rufe ruwa. Sun daɗe suna ciniki da Faransawa, su ba da fata da kifi da gashin tsuntsu, su karɓi albarushi da gari da barguna da kayan ƙarfe. Da Birtaniya ta ci Louisbourg a 1758 da Quebec a 1759 daga hannun Faransawa, wannan kasuwa ta mutu. Turawan Ingila suna son zaman lafiya domin su zaunar da mutanensu, Mi'kmaq kuma suna son inda za su kai kayansu. A nan buƙatun biyu suka haɗu.

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu da Gwamnan Nova Scotia Charles Lawrence ranar 10 ga Maris 1760 tana da wani sashe gajere kan ciniki. Abin mamaki, an rubuta shi ne da siffar hani: Mi'kmaq sun yi alkawarin ba za su yi saye da sayarwa da kowa ba sai da masu kula da kantunan da gwamna zai kafa. Babu inda takardar ta ce suna da 'yancin su ko farauta. Amma kundin zaman majalisar gwamna na watan Fabrairun 1760, lokacin da aka fara tattaunawa da Wolastoqiyik da Peskotomuhkati, wasu ƙabilu biyu maƙwabtan Mi'kmaq, ya nuna su ne suka nemi a kafa musu kanti domin samun kayan buƙata a madadin fatunsu, har aka zauna aka yanke farashi. Ma'aunin shi ne fatar biba, wata dabbar ruwa mai laushin gashi da ake yin huluna da ita a Turai. Laba ɗaya ta fatar biba ta bazara tana sayen laba 30 ta fulawa, ko laba 14 ta naman alade, ko galan biyu na barasa. Wannan ƙa'ida aka miƙa wa Mi'kmaq. Kantunan ba su yi ƙarko ba. Gwamnati tana faɗuwa a kansu, cikin 'yan shekaru aka maye gurbinsu da 'yan kasuwa masu lasisi, zuwa 1780 wannan tsarin ma ya bi ruwa.

Kotun farko da kotun ɗaukaka ƙara ta Nova Scotia sun tsaya kan harafin takarda. A ganin alƙalin farko, 'yancin na kai kaya kanti ne, kanti ya mutu, 'yanci ya bi shi. Ranar 17 ga Satumba 1999 Kotun Ƙoli ta rushe wannan da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu. Mai shari'a Ian Binnie, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce ba a karanta irin wannan yarjejeniya da takarda kaɗai, domin Turawa ne suka rubuta ta da harshensu, alhali abin da aka yi magana a kai da baki ya fi abin da aka rubuta yawa. Kuma mutuncin masarauta, wato gwamnatin da ta yi alkawarin, bai yarda a yi wa alkawari fassarar wayo ba. Alkawarin kanti ba shi da ma'ana in babu damar samo abin da za a kai kantin. Saboda haka akwai 'yancin su da farauta da tara albarkatun daji domin a sayar a sami kayan buƙata, kuma sashe na 35 na kundin tsarin mulki na 1982 ya kare shi. Aka wanke Marshall.

Ina iyakar wannan 'yanci? Kotu ta ce kayan buƙata na 1760 su ne a yau matsakaiciyar rayuwa: ci, sutura, muhalli da ɗan abin more rayuwa, ban da tara dukiya. Bahaushe yana da kalma ɗaya da ta ɗauke wannan duka, rufin asiri. Matsalar ita ce rufin asiri ba ya da sikeli. Mutanen 1760 sun san fulawa nawa laba ɗaya ta fata za ta saya, amma kotun 1999 ba ta faɗi kilo nawa, tarko nawa ko dala nawa a shekara ba. Ta dai ce gwamnati tana iya sa iyakar kamu wadda za ta ishi iyali rufin asiri daidai da zamani, kuma wannan ba zai zama take haƙƙi ba.

Rikici bai jira ba. Masunta Mi'kmaq suka zuba tarkunan lobsta, wani babban jatan lande na teku mai tsada, a lokacin da aka rufe ruwa ga kowa. A farkon Oktoban 1999 masuntan da ba 'yan asali ba suka lalata musu tarkuna a Burnt Church da ke New Brunswick. Wata ƙungiyar masunta ta nemi a sake sauraron shari'ar. Kotu ta ƙi, amma ranar 17 ga Nuwamba 1999 ta yi abin da ba kasafai take yi ba, ta fitar da dogon bayani kan hukuncinta. A nan ne ƙa'idojin aiki suke.

'Yancin na al'umma ne. Mutum yana amfani da shi ne da izinin al'ummarsa, kuma a yankin da ita al'ummar ta saba nema tun da. Bai shafi kowace albarka ba, sai irin abin da aka saba tarawa ana ciniki da shi a 1760 da abin da ya tsiro daga gare shi. Shi ya sa a 2005 kotu ta ƙi yarda da masu sare itacen katako na sayarwa. Kuma ministan kamun kifi yana da ikon taƙaita 'yancin, amma nauyin kawo hujja yana kan gwamnati.

Ana bin matakan da aka shimfiɗa tun shari'ar Sparrow ta 1990. Mai ƙara ya fara nuna cewa dokar ta taɓa haƙƙinsa, misali ta jawo masa wahala marar dalili ko ta hana shi hanyar da ya saba. In ya nuna, sai gwamnati ta kawo manufa mai ƙarfi. Kare kifi daga ƙarewa shi ne kan gaba, amma kotu ta yarda da wasu, har da adalci tsakanin yankuna da la'akari da waɗanda ba 'yan asali ba da suka daɗe suna ci daga ruwan. Bayan haka ta nuna ta tuntuɓi al'ummar, kuma ba ta taƙaita fiye da yadda ya zama dole ba. A shari'ar Marshall gwamnati ba ta kawo irin wannan hujja ba ko kaɗan, ta dogara ne kan cewa 'yancin babu shi, shi ya sa ta faɗi warwas.

Wurin da mutane suka fi ruɗewa shi ne kamun kifin 'yan asali iri uku ne. Akwai na ci da bukukuwan al'ada, wanda ba a sayar da abin da aka kama. Akwai lasisin kasuwanci na al'umma, wanda gwamnati ta saya daga masunta masu barin sana'a ta ba al'ummomin da hukuncin ya shafa, su 34 a lokacin, tare da jiragen ruwa da horo. Wannan yana bin lokaci da dokokin kowa. Na uku shi ne na rufin asiri, wanda har yau ba a yi masa doka ta musamman ba. Gwamnati ta zuba kuɗi a na biyu, al'ummomi da yawa kuma suna cewa wannan ba shi ne cika alkawarin na uku ba.

Ranar 17 ga Satumba 2020 al'ummar Sipekne'katik, wani reshe na Mi'kmaq a Nova Scotia, ta buɗe nata kamun lobsta na rufin asiri a St. Marys Bay da lasisin da ta buga da kanta. A yankin, lokacin gwamnati yana farawa ne daga Litinin ta ƙarshe a Nuwamba zuwa 31 ga Mayu. Masuntan kasuwanci suka ce da rani lobsta yana saɓa, ɓawonsa da taushi, kamunsa ɓarna ne. Sipekne'katik suka ce tarkunansu ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da na manyan jiragen yankin, kuma ƙananan jiragensu ba za su iya tekun hunturu ba. A watan Oktoba aka ƙona wani ɗakin ajiyar lobsta a Middle West Pubnico. A Maris 2021 ministar kamun kifi ta ce duk kamun rufin asiri sai ya kasance cikin lokacin gwamnati. Wasu al'ummomi sun yi yarjejeniyar wucin gadi a kan haka, wasu sun ƙi.

Akwai kuma ƙullin mai saye. Dokar Nova Scotia ta hana dillalin kifi saye daga wanda ba shi da lasisin kasuwanci da gwamnatin tarayya ta amince da shi. Mai su da lasisin al'ummarsa kaɗai yana iya kamawa ya rasa halastaccen mai saye, sai ya karyar a bayan fage, ko jami'ai su ƙwace tarkunan kafin a je gaban alƙali. Shi kansa il ɗin da Marshall ya sayar dala 1.70 laba, 'ya'yansa ƙanana masu kama da zaren gilashi yanzu ana kai su gonakin kifi na Asiya, kilo ɗaya ya taɓa kai dubban daloli. Rububin da wannan farashi ya jawo a bakin koguna ya sa gwamnati ta rufe kamunsu tun lokaci bai cika ba a 2023, a 2024 kuma ba ta buɗe ba sam.