Waiwaye: Simon da Garfunkel, 'yan Queens da Greenwich Village ta raina

A farkon shekarun 1960 duk matashin da ya rataya gita a Amurka yana son a san shi da waƙoƙin gargajiya, unguwa ɗaya yake nufa a birnin New York: Greenwich Village, can kudancin tsibirin Manhattan. Haya tana da sauƙi a lokacin, kuma titunan MacDougal da Bleecker cike suke da gidajen shan gahawa inda mawaƙi zai hau dandamali ya yi waƙa uku ko huɗu, sannan a zagaya da kwando masu sauraro su jefa abin da ya sawwaƙa. Ranar Lahadi kuwa a dandalin Washington Square ake haɗuwa a yi ta kiɗa kyauta. Da hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta birnin ta hana wannan taro a watan Afrilun 1961, mawaƙan suka yi zanga-zanga har aka yi arangama da 'yan sanda, daga baya hukuma ta janye.

Unguwar tana da manyanta da dokokinta, duk da ba a rubuce suke ba. Akwai Izzy Young mai shagon Folklore Center, inda ake sayen littattafai da tsirkiyar gita a kuma ji labarin gari. Akwai Dave Van Ronk, wanda ake yi wa laƙabi da magajin garin titin MacDougal. Sama da su duka akwai inuwar Woody Guthrie da Pete Seeger, waɗanda suka ɗaura waƙar gargajiya da gwagwarmayar ma'aikata da talakawa. Dokar farko ita ce waƙa ta zama ta asali, ta fito daga bakin manoma ko maƙera ko baƙaƙen fatar kudu, ko aƙalla ta yi kama da haka. Waƙar kasuwa da ake sa wa 'yan mata a rediyo abin ƙyama ce.

Paul Simon da Art Garfunkel kuwa daga cikin wannan abin ƙyamar suka fito. Dukansu haihuwar 1941 ne, 'ya'yan Yahudawa masu rufin asiri, sun tashi a yankin Queens na birnin New York, sun san juna tun firamare, inda suka fito tare a wani wasan kwaikwayon makaranta a 1953. Abin koyinsu shi ne 'yan'uwan nan biyu, Everly Brothers, da yadda suke haɗa murya biyu ta fita kamar ta mutum ɗaya. A 1957, suna 'yan shekara goma sha shida, suka fitar da "Hey Schoolgirl" da sunan Tom & Jerry. Waƙar ta kai lamba 49 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa na mujallar Billboard, har an gayyace su shirin talabijin na American Bandstand. Daga nan kasuwa ta mutu. Simon ya shiga Queens College ya karanta adabin Ingilishi, yana kuma rubuta wa kamfanonin faifai waƙoƙi da sunan Jerry Landis. Garfunkel ya tafi Jami'ar Columbia, inda daga baya ya yi digiri na biyu a fannin koyar da lissafi.

Da suka sake haɗuwa a 1963, iska ta riga ta juya. Bob Dylan ya yi suna, 'yan ƙungiyar Peter, Paul and Mary suna sayar da faifai kamar me. Simon ya koma rubuta waƙoƙi masu nauyi, suka fara hawa dandamalin Gerde's Folk City, gidan Mike Porco, wanda a nan ne Dylan ya yi babban wasansa na farko a 1961. Tom Wilson, furodusan Dylan a kamfanin Columbia, ya saurare su ya ɗauke su. A watan Maris na 1964 suka naɗi faifansu na farko, Wednesday Morning, 3 A.M., da murya biyu da kayan kiɗan da ba na lantarki ba. A ciki har akwai waƙa mai sunan titin Bleecker, da wata da Simon ya sadaukar ga Andrew Goodman, ɗalibin Queens College da aka kashe a Mississippi a watan Yunin 1964 tare da abokan aikinsa biyu saboda yi wa baƙaƙen fata rajistar zaɓe. Wato duk abin da unguwar ke nema sun kawo.

Ba a karɓe su ba. An ruwaito Van Ronk yana cewa "The Sound of Silence", wadda yau duniya ta sani, ta zama abin barkwanci a tsakaninsu na wani lokaci. Muryoyin sun yi santsi da yawa, kalmomin sun yi ƙamshin aji, samarin kuma sun yi tsaf kamar masu zuwa neman aiki. Faifan ya fito a watan Oktoba, bai sayar da abin da ya wuce kusan kwafi 3,000 ba.

A ganina wannan raini ba shi da ƙafar tsayawa. Masu yanke hukuncin su ma mafi yawansu baƙi ne da suka ɗinka wa kansu riga. Dylan sunansa na yanka Robert Zimmerman, ɗan mai shagon kayan lantarki a Minnesota. Ramblin' Jack Elliott, mai shigar makiyayan shanun yamma, ɗan likita ne daga Brooklyn. Laifin Simon da Garfunkel kawai shi ne ba su ɓoye inda suka fito ba, kuma Queens ta yi kusa: jirgin ƙarƙashin ƙasa ɗaya za ka hau ka je, babu damar ƙirƙirar tatsuniya a kai. Amma gaskiya ɗaya ce, unguwar ta yi wa Simon amfanin da ba ta nufa ba. Ita ta nuna masa cewa ana iya rubuta waƙa a kan kaɗaici da siyasa da mutuwa a kuma sami masu saurare. Da ya tsaya a sana'ar Jerry Landis, da wuya a tuna da shi yau.

Bayan faɗuwar faifan kowa ya kama gabansa. Garfunkel ya koma makaranta, Simon ya haye Ingila. A can abin ya sha bamban. Ƙananan kulob-kulob na waƙar gargajiya, yawancinsu ɗakunan saman mashaya ne, sun karɓe shi hannu bibbiyu, daga Les Cousins da Troubadour a Landan har garuruwan arewa. Ba'amurke ne daga New York, wannan ya isa. Ba wanda ya tambaye shi wace unguwa. Ya koyi salon kaɗa gita na mutane irin su Davey Graham, ya ji tsohuwar waƙar Ingila "Scarborough Fair" daga bakin Martin Carthy, ya kuma naɗi faifansa shi kaɗai a 1965.

Yana can ne abin ya faru a bayan idonsa. Wasu gidajen rediyo a Boston da Florida sun fara sa "The Sound of Silence" saboda ɗalibai na nema. Tom Wilson ya lura. A daidai wannan lokacin ƙungiyar Byrds ta ɗauki waƙar Dylan ta sa mata gitar lantarki da ganguna ta haye saman jeri, shi kansa Wilson yana aikin "Like a Rolling Stone" da Dylan. Sai kawai a watan Yunin 1965 ya kira makaɗa situdiyo, ya ɗora gitar lantarki da bes da ganguna a kan tsohon naɗin, ba tare da ya tambayi masu waƙar ba. Mai kunne zai ji inda makaɗan ke jan ƙafa don su daidaita da muryoyin, domin asalin naɗin ba a yi shi da ganga a rai ba. Aka sake ta a watan Satumba, ranar 1 ga Janairun 1966 ta zama lamba ɗaya a Amurka. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Abin lura shi ne wannan gauraye na waƙar gargajiya da kiɗan rok shi ne ainihin abin da ya raba kan unguwar. A watan Yulin 1965 wasu sun yi wa Dylan ihu a bikin Newport saboda ya fito da gitar lantarki, suna ganin ya ci amana. Simon da Garfunkel ba su da amanar da za su ci, tun da ba a taɓa ba su ita ba. Simon ya dawo gida, suka haɗa faifan Sounds of Silence cikin gaggawa, sai Parsley, Sage, Rosemary and Thyme a ƙarshen 1966. A cikin wannan na biyun har akwai waƙar da Simon ya kwaikwayi muryar Dylan yana zolayarsa. Fim ɗin The Graduate na Mike Nichols a 1967, wanda aka sa waƙoƙinsu a ciki, ya kai su kunnen waɗanda ba su taɓa taka titin Bleecker ba, waƙarsu "Mrs. Robinson" ta ci kyautar Grammy, faifan Bookends ya biyo a 1968.

Nasarar ta tono wata matsala da duniyar waƙar gargajiya ba ta taɓa warwarewa ba. A kulob kowa na ɗaukar waƙar kowa, ana ma alfahari da hakan, har ranar da kuɗi suka shigo. "Scarborough Fair" ta fito a faifansu ba a ambaci Carthy ba, alhali tsarin gitar nasa ne, kuma ya riƙe abin a zuci shekaru da yawa. Haka "El Cóndor Pasa", wadda Simon ya ji daga ƙungiyar Los Incas a Paris ya ɗauka ta gargajiya ce. Ashe Daniel Alomía Robles na ƙasar Peru ne ya tsara ta a 1913, sai da ɗansa ya shigar da ƙara aka sa sunan uban. A nan kam ƙorafin 'yan gargajiya yana da tushe, ya fi na santsin murya nauyi nesa ba kusa ba.

Rabuwar ta zo suna kan ganiya. Simon ke rubuta kusan komai, Garfunkel ke da muryar da ake yabo, kowa na ganin ɗan'uwansa ya fi shi samun abin da bai wahala a kai ba. Da Nichols ya ɗauki Garfunkel a fim ɗin Catch-22 ya kuma cire rawar da aka tanadar wa Simon, Garfunkel ya shafe watanni a Meziko a 1969 yayin da Simon ke zaune a New York yana jiran a ƙarasa faifai. Bridge over Troubled Water ya fito a watan Janairun 1970, ya fi duk na baya kasuwa, ya kwashe manyan kyaututtukan Grammy a 1971, amma kafin nan sun riga sun watse. Wasansu na bankwana a filin tanis na Forest Hills aka yi shi, a Queens.

Unguwar ma ba ta daɗe a yadda take ba. Gidan shan gahawa na Gaslight ya rufe a 1971, haya ta yi ta hawa, Folk City ya lallaɓa har 1987. Su biyun kuwa New York ta tarbe su a wani wuri dabam: ranar 19 ga Satumban 1981 suka yi wasa kyauta a Central Park don tallafa wa gyaran filin, aka ƙiyasta mutum kusan 500,000, kuma cikin abin da suka rera akwai waƙar Everly Brothers. Sun ci gaba da shiryawa da ɓatawa, sun zagaya Amurka da Turai a 2003 da 2004, har 2010 da ciwon maƙogwaro ya kama Garfunkel aka soke sauran wasanninsu. Shi kuwa Carthy, sai a shekarar 2000 Simon ya kira shi dandamali a Landan suka rera waƙar tare, rigimar ta mutu a nan.